An Kawo Ruwa, Ba a Kawo Iyo Ba: Wanka da Kurme a Madatsun Gwarzo da Kabo

Daga tsakiyar Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, mutanen Gwarzo da Kabo ba su da zancen da ya wuce na zafi. Da azahar ma'aunin zafi kan haura 40, rufin kwano ya ɗauki wuta, inuwar darbejiya ma iska mai ɗumi take hurawa. Wanda ya bi titin da ya taso daga Kano ya ratsa Rimin Gado ya miƙe Gwarzo, in ya ratse ya bi burji zuwa bakin dam, zai iske duniya guda. Ga injinan ban-ruwa na ta ruri, ga shanu sun jeru suna sha, ga mata da 'yan mata da ƙullin wanki, ga mai wanke babur ya tura shi har rabin taya. Can gefe kuma riguna ne jibge a kan dutse, masu su suna cikin ruwa, ana tsalle, ana ihu, ana gasar wa zai fi daɗewa a ƙasa. A shekarun baya-bayan nan da azumi ya riƙa faɗowa a tsakiyar bazara, har magidanta sun riƙa zuwa jiƙa jiki kafin la'asar.

Samarin nan duk da wayoyinsu suka zo, kuma sun ga irin ruwan da ake nunawa a intanet. Sun ga tsibiran Maldibs da gaɓar Zanzibar, inda teku kan shigo ta kwanta a bayan katangar murjani. Katangar ce ke karya igiyar ruwa tun daga nesa, sai abin da ke ciki ya zama tafki mai lumana, ƙasansa farin yashi, ana hango kifi daga sama. Masu kuɗi na biyan dubban daloli su je su yi iyo a ciki, wasu su goya tulun iska su sauka ƙasa. Ba mamaki in saurayi ya tsaya a bakin madatsar Guzuguzu ko ta Pada ya ce, mu ma ai ga ruwa, me ya hana a gyara nan ya zama wurin shaƙatawa?

Tambayar ba ta banza ba ce. Sai dai akwai wadda ta riga ta: a cikin masu wankan nan, mutum nawa ne wani ya taɓa tsayawa ya koya musu iyo?

Ruwan da kakanni ba su sani ba

Yammacin Kano ƙasar tudu ce. Kogunanta, Challawa da Watari da ƙananan rafukan da ke zuba cikinsu, a da na damina ne. Su cika su yi ambaliya a Agusta, kafin tsakiyar rani sun koma yashi ana tona ƙorama a cikinsu. Ruwan da yaro ya tashi ya sani shi ne na rijiya da na kududdufin bayan gari, wanda aka haƙa garin ɗibar ƙasar gini. Masunta akwai su tun da, amma gidaje ne ƙidayayyu, sana'arsu kuma ta bin ruwa ce in ya janye.

Abin ya sauya ne bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 aka ba Audu Bako mulkinta. Shi ya ɗauki tare ruwa a matsayin babban aikin gwamnati, kuma farin farkon shekarun 1970 ya nuna cewa ya hango nesa. An yi madatsar Bagauda, aka kammala ta Tiga a 1974, wadda ke iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ya bar mulki a 1975, amma hukumar gina madatsu ta jiha, WRECA, ta ci gaba da aikin. A wannan zangon ne yammacin jihar ya samu nasa rabon: Guzuguzu da Magaga ta ɓangaren Kabo, Pada da Marashi ta ɓangaren Gwarzo, Kusalla a Karaye, Watari a Bagwai. Daga baya aka zo da babbarsu a wannan yanki, madatsar Challawa da ke ƙasar Karaye, wadda kamfanin Julius Berger ya kammala a 1992. Tsayin bangonta ya haura mita 40, tana riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900.

An gina su don ruwan sha da noman rani da shayar da dabbobi, kuma sun yi rana. Tumatir da albasa da attaruhu da ake lodawa daga bakin dam-dam ɗin nan shaida ne. Injiniyoyi sun lissafa yawan ruwa, sun lissafa kadadar da za a shayar, sun lissafa ƙarfin bango. Wanda bai shiga lissafi ba shi ne yaro ɗan shekara goma da ya buɗe ido ya ga tafki a inda kakansa ya yi noman dawa. Mutanen Yawuri ko Argungu sun gaji ruwa kaka da kakanni, suna da dokokinsa da sarautunsa. Mutumin Kutama ko Gude dare ɗaya aka kai masa ruwa ƙofar gida, mahaifinsa kuwa bai iya iyo ba balle ya koya masa. Abin da iyaye suka iya shi ne hani da bulala. Kowa ya san iyakar tasirin bulala a kan yaron da zafi ya dama kuma abokansa suna cikin ruwa.

Saboda haka yara a hannun yara suke koyo. Irin iyon da ake koya a haka shi ne na buga ruwa da hannu da ƙafa, kai a sama, numfashi a guje. Yana kai mutum mita goma ko ashirin, sannan ƙarfi ya ƙare. Mai irin wannan iyo ya fi wanda bai iya ba shiga haɗari, domin shi yana ganin ya iya.

Abin da ke ƙarƙashi

Ruwan dam ba ruwan teku ba ne, kuma bambancin ba a launi kaɗai yake ba. Ruwan teku na ɗauke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, abin da ke ƙara masa nauyi ya riƙa ɗaga jikin mutum sama. Ruwan daɗi ba ya yi wa kowa wannan alfarma. Sannan namu ruwan gauraye yake da laka. Wanda ya nutse zira'i biyu ba ya ganin tafin hannunsa, wanda ke tsaye a gaɓa kuma ba ya ganin wanda ya nutse.

Ƙasan ma ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Dam kwari ne aka toshe, don haka duk abin da ke cikin kwarin yana nan: tsohuwar hanyar rafi mai zurfi, kututturan itatuwa, duwatsu, ramukan da aka ɗebi ƙasa lokacin gini. Mutum na tafiya ruwa iya gwiwa, ya ƙara taku ɗaya ya rasa ƙasa. Ga taɓo mai riƙe ƙafa, ga tsofaffin kalli da mamari da suka tsinke suka maƙale a ƙasa, ga ciyawar kachala a gefe-gefe. Da bazara saman ruwa na da ɗumi, amma ƙasansa na da sanyin da kan ɗaure wa mutum jijiya ba shiri. Kusa da inda ake sakin ruwa ko jan shi kuwa akwai ja mai ƙarfi da ba a ganin alamarsa daga sama.

Gasar kurme da samari ke yi tana da nata tarkon. Yaro zai tsaya ya yi ta jan numfashi da sauri-sauri, wai yana tara iska, sannan ya nutse. Abin da ya yi a zahiri shi ne ya fitar da gurɓatacciyar iskar da taruwarta a jini ke gargaɗin mutum cewa lokacin numfashi ya yi. Gargaɗin sai ya makara. Iskar da ƙwaƙwalwa ke buƙata ta ƙare, ya suma a ƙarƙashin ruwa bai ji komai ba, abokansa na gaɓa suna ƙirga masa suna yabon juriyarsa.

Kuma nutsewa ba ta da hayaniya. Wanda ruwa ke ci ba shi da numfashin kiran kowa, bakinsa na fitowa yana komawa, cikin ƙasa da minti ɗaya an daina ganinsa. In wani ya faɗa don ya cece shi, sai a tuna da abin da Bahaushe ya faɗa, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Shi ya sa sanarwar Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano kan zo da mutum biyu ko uku a rami ɗaya, na biyu da na uku masu ceto ne.

A bakin kowane dam za ka ji ana cewa ruwan nan ba ya shekara bai ci mutum ba, ko kuma mutanen ruwa ne suka ja shi. Ban zo in yi gardama da kowa kan abin da ido ba ya gani ba. Amma ramin da ke ƙarƙashin ruwa ana iya auna shi da gora, a kafa masa alama, kuma ba a yi ba.

Waɗanda ake kira in an rasa

Duk da haka akwai gwanaye. Cikin shekaru hamsin ɗin nan su ya zama sana'a sosai a bakin dam-dam, wasu masuntan 'yan ƙasa ne, wasu sun biyo ruwa daga nesa suka zauna. Su ne ke fito da tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa da ake soyawa a kasuwannin yankin. A cikinsu akwai masu kurme na gaske, waɗanda kan sauka su kwance kalli in ya maƙale, ko su lalubo injin ban-ruwa da ya zame. Ba tabarau, ba tulun iska, ba fitila. Da hannu suke gani. Sun san inda tsohon rafi ya bi, sun san inda ƙasa ke zaftarewa, sun san yadda iskar hadari ke juya kwale-kwale.

Aikin na cin jiki. Duk mita 10 da mutum ya sauka, nauyin da ke danne shi na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin duniya gaba ɗaya, kuma kunne ne ke fara ji. Masu kurmen yawon buɗe ido a ƙasashen waje sai sun yi kwas an ba su takardar shaida kafin a ba su hayar kaya, kayan da asalinsu ya koma ga na'urar da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943. Namu da huhun da Allah Ya ba su suke sauka.

Abin takaicin shi ne lokacin da ake tunawa da su. In yaro ya ɓace a ruwa, kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso daga inda take, mai unguwa ya riga ya aika a kira Sarkin Ruwa da yaransa. Su za su shiga, su za su fito da gawa, a yi musu godiya, wani lokaci a ba su na goro. Daga nan sai wata rasuwar. Mutumin da ya fi kowa sanin ruwan a duk gundumar, ba a taɓa gayyatarsa makarantar firamare ya yi wa yara bayani ba.

Wasu wurare sun san darajar irin wannan ilimi. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali tun 1934, ba gasar babban kifi kaɗai ake yi a kogin Matan Fada ba. Akwai wasannin Kabanci: tseren iyo, tseren kwale-kwale, kurme, kamun kifi da hannu, kamun agwagwar ruwa. A 2016 UNESCO ta saka bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. A shekarar ce kuma ta saka matan tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, waɗanda ke kurme cikin teku ba tulun iska suna ɗebo abincin ruwa, da yawansu tsofaffi masu jikoki. A duk wuraren biyu abin da aka karrama shi ne yadda babba ke miƙa wa ƙarami sanin ruwa.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021

Bagwai maƙwabciya ce, kuma babu wanda ke yankin nan da ya manta. A ranar, wani jirgin ruwa ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka madatsar Watari zuwa garin Bagwai, maƙare da mutane, yawancinsu yara ɗaliban Islamiyya da za su je Maulidi. Ya kife. A kwanakin farko an tabbatar da rasuwar mutum 29. An yi maganar lodin da ya wuce kima, an yi maganar rashin rigar kariya, kuma duka gaskiya ne. Masuntan wurin na cikin waɗanda suka shiga laluben.

Akwai abin da hatsarin ya fito da shi wanda ba a tattauna sosai ba. Namiji ko ba komai ya saci jiki ya je kududdufi. 'Ya mace ba ta da wannan dama ko kaɗan. Ita ce ke zuwa wanki da ɗibar ruwa a gaɓa, ita ake ɗorawa a jirgi zuwa biki ko kasuwa, ga zani da hijabi da ke shan ruwa su yi nauyi, amma ba a taɓa nuna mata ko yadda za ta kwanta rigingine ta sake jiki ruwa ya ɗauke ta ba. Wannan ba abin da kunya ta hana ba ne. Mata na iya koya wa mata a wuri killatacce.

A wajen ta'aziyya akan ce ya yi shahada, kuma haka ya zo a hadisi game da wanda ruwa ya ci. Magana ce mai sanyaya zuciyar iyaye. Amma malaman da ke kawo wannan hadisi dai su ne ke kawo maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar, ta umartar iyaye su koya wa 'ya'yansu iyo da harbi da hawan doki. Ta farkon muke yawan ji, ta biyun ba kasafai take hawa mumbari ba.

Ciwon da ba ya kisa nan take

Ko wanda ya fito lafiya, ba lallai ne ya fito shi kaɗai ba. Ruwan da ke kwance, mai ciyawa a gefe, gidan ƙananan katantanwa ne, kuma a jikinsu ƙwayar tsargiya ke girma. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe su shiga katantanwa, bayan 'yan makonni su fito su huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba. A jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara suke zama. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara gano tsutsar a Alƙahira a 1851. A yau Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu ɗauke da ita.

Ba sai an je nesa neman hujja ba. A shekarun 1970 masu bincike sun yi dogon aiki a ƙasar Malumfashi, wadda ke gaba kaɗan da Gwarzo in an bi ta Dayi, har suka zauna suna lura da masu shiga ruwa a madatsar Ruwan Sanyi. Abin da suka gani shi ne yara maza da samari su ne suka fi kamuwa, su ne kuma suka fi yaɗawa, saboda su ne ke daɗewa a ciki suna wanka da wasa. Ciwon ya zama ruwan dare a wasu ƙauyuka har ana ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya fara zama namiji. Alhali in ya daɗe yana ƙarar da jini, ya dakushe karatu, ya taɓa mafitsara da ƙoda. A jikin mata kuma yakan taɓa mahaifa a yi ta maganin sanyi ba a dace ba. Maganinsa, praziquantel, ana rabawa kyauta a makarantu lokaci-lokaci. Sai dai yaro ya sha yau, jibi ya koma ruwan. Almajiri da ɗan kiwo kuwa, waɗanda suka fi kowa zama a bakin ruwa, ba sa cikin rajistar aji.

To, maganar wurin shaƙatawa fa?

An taɓa gwadawa, kuma da gaske. Otal ɗin Bagauda da ke bakin tafki ya yi zamani, manyan taruka da masu hutun ƙarshen mako duk can suke nufa. Yau harabar Makarantar Horar da Lauyoyi ce. A Tiga an gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwa, shi ma ya ga hawa da sauka. Gina ɗakuna bai taɓa yi mana wuya ba. Riƙo ne ke gagara. Kuma babu baƙon da zai kawo iyalinsa wanka inda babu mai gadin ruwa, babu alamar zurfi, ga tsargiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, fiye da kashi 90 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunatarwa kan lamarin. Ƙasar da ta fi dacewa mu duba ba mai otal-otal ba ce, Bangaladash ce, ƙasar Musulmi mai kududdufi a bayan kowane gida. Can ba su jira an gina wurin wanka na siminti ba. Sun shiga kududdufan ƙauye suka kafa dandamali da shinge na gora a inda ba zurfi, suka horar da matasan garin, maza da mata, su koya wa yara iyo da yadda ake ceto daga gaɓa. Ƙananan yara kuma aka tara su wurin raino da hantsi, lokacin da iyaye mata ke fama da aikin gida.

Ba wani abu a cikin wannan da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Gwarzo mazaɓu 10 gare ta, Kabo ma 10, kuma ba dukansu ke bakin ruwa ba. Malaman suna nan, su ne masuntan, in za a ba su ɗan alawus a haɗa su da 'yan kwana-kwana su ƙara musu abin da ba su sani ba. Akwai abin da ba a sani ba kuwa. Har yanzu in an fito da mutum, abin da aka fi yi shi ne a kife shi a yi ta danna ciki wai ruwa ya fita, alhali abin da yake buƙata a wannan minti shi ne a hura masa numfashi a danna ƙirji. Kayan ceto ma ba sai an yi odarsu ba: jarka mai murfi da igiya a ɗaure, a rataye a kowace mashaya, ta isa mutum ya jefa wa wanda ke nutsewa ba tare da shi ya shiga ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa ke da ruwan. Manyan madatsu irin Challawa da Tiga suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya, ƙananan na hannun jiha, kifin ciki na ƙarƙashin ma'aikatar gona, maganin tsargiya na ma'aikatar lafiya, yaran kuma na hukumar ilimi. Wurin koyon iyo a bakin Magaga ko Pada zai buƙaci a share ciyawar gaɓa, a yi bayan gida kusa, a kuma tabbatar duk yaron da ya shiga ajin ya sha maganin tsargiya a ƙarshen zango. Wannan aikin ofis uku ne ko huɗu, kuma zuwa yanzu wanda ke amsa kira in abu ya faru a bakin ruwa shi ne dagaci da Sarkin Ruwa.